Mako Uku ko Mako Goma Sha Biyu? Kasadar Birtaniya da Batun Kariyar Allurar Farko

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin shawarar da hukumomin lafiya na Birtaniya suka yanke ranar 30 ga Disamba, 2020, ta ɗage allura ta biyu ta rigakafin korona daga mako 3 zuwa mako 12. Ta duba alƙaluman da aka jingina da su, da sukar da shawarar ta sha, da abin da asibitoci suka gani daga baya. Matsayin maƙalar shi ne, tazarar da ake rubutawa a takardar allura sau da yawa gadon gaggawar gwaji ce, kuma duk adadin da aka kira "kariyar allurar farko" ba ya tsayuwa da ƙafarsa sai an faɗi ranar da aka fara ƙirga, da matakin ciwon da ake nufi, da wanda aka yi wa allurar, da nau'in ƙwayar cutar da ke yawo a lokacin.

Gabatarwa

Da sanyin safiyar 8 ga Disamba, 2020, a asibitin jami'a na birnin Coventry, wata tsohuwa mai shekara 90, Margaret Keenan, ta miƙa dantse aka yi mata allurar Pfizer. Ita ce mutum na farko a duniya da aka yi wa wannan allura ba a cikin gwaji ba. Ranar 29 ga watan ta koma ta karɓi ta biyu, kwana 21 cif, kamar yadda kamfanin ya tsara.

Washegari aka sauya dokar. Manyan jami'an lafiya na yankunan Birtaniya huɗu, ciki har da Farfesa Chris Whitty na Ingila, suka amince da shawarar kwamitin rigakafi na ƙasar, JCVI, cewa a bar allura ta biyu sai nan da mako 12, a karkatar da abin da ke hannu ga waɗanda ba su samu ko ɗaya ba. Tsofaffin da aka riga aka ba ranar dawowa, aka shiga kiransu ɗaya bayan ɗaya ana ba su haƙuri. Likitocin unguwa suka fusata. Ƙungiyar likitocin Birtaniya ta ce ba a kyauta wa mutanen ba, daga baya ta nemi kada tazarar ta wuce mako 6. Kamfanin Pfizer ya fito ya ce ba shi da wata shaida cewa kariyar allurar farko tana ɗorewa bayan kwana 21. A Amurka, hukumar kula da abinci da magunguna ta ce sauya jadawali a wannan mataki riga-malam-masallaci ne, Dakta Anthony Fauci ma ya ce shi ba zai goyi baya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya tsaka-tsaki: kwana 21 zuwa 28, in kuma ta kama dole, a kai kwana 42.

Daga ina mako uku ya fito?

Mai karanta takardar allura zai ɗauka an gwada tazara iri-iri ne aka ga mako 3 ya fi. Ba haka aka yi ba. A tsakiyar 2020 kowane kamfani neman sakamako yake yi kafin shekara ta ƙare, kuma duk makon da aka ƙara tsakanin allura biyu, mako ne da aka ƙara kafin a fara ƙirga masu kamuwa. Pfizer ya ɗauki kwana 21, Moderna ya ɗauki 28, wato kusan mafi gajertar tazarar da masana suka san allura ta biyu za ta iya yin aiki a cikinta. Da hukumomi suka zo ba da lasisi, abin da aka gwada shi suka rubuta, domin ƙa'idarsu ke nan.

Ma'aikatan rigakafi kuwa sun daɗe da sanin wani abu daga allurar yara. Haɗarin da littattafansu suka fi jan kunne a kai shi ne a matso da allura biyu kusa da juna fiye da kima. In tazarar ta gaza mako 4 a allurar nan mai haɗin cuta biyar da ake yi wa jarirai a mako na 6 da na 10 da na 14, ana iya ɗaukar ta biyun kamar ba a yi ba. Jinkiri kuwa ba ya rushe abin da aka gina. Uwar da ta kawo ɗanta bayan wata biyar da ranar da aka rubuta mata, ɗorawa ake yi daga inda aka tsaya, ba a komawa farko.

Allura ɗaya, lambobi biyu

Rahoton babban gwajin Pfizer ya fito a mujallar New England Journal of Medicine a Disamban 2020. Mutum sama da 43,000 suka shiga, rabi aka yi musu allurar gaske, rabi ruwan gishiri. Daga kwana 7 bayan allura ta biyu, mutum 8 ne suka kamu a ɓangaren allura, 162 a ɓangaren ruwan gishiri. Nan aka samo kashi 95 cikin 100 da duniya ta haddace.

A cikin rahoton akwai wata lamba da masu suka suka riƙe: tsakanin allura ta farko da ta biyu, kariyar kashi 52 ce kawai, mutum 39 a ɓangaren allura, 82 a ɓangaren ruwan gishiri. Kwamitin JCVI kuma ya ce kariyar allurar farko ta kusa kashi 90. Jama'a suka rasa wa za su gaskata, alhali daga tebur ɗaya aka ciro lambobin biyu.

Bambancin yana wurin ranar fara ƙirga. Kashi 52 ya haɗa da duk wanda ya kamu tun daga ranar da aka cire allura daga dantsensa, har da wanda ya shigo ɗakin da ƙwayar cutar a jikinsa bai sani ba. Jiki kuwa ba ya haɗa makami a kwana ɗaya. Wanda ya dubi zanen da ke cikin rahoton zai ga layukan ɓangarorin biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa har wajen kwana na 12, daga nan na masu allura ya kwanta, na masu ruwan gishiri ya ci gaba da hawa. Wasu masana biyu daga Kanada, Danuta Skowronski da Gaston De Serres, suka ɗauki takardun da kamfanin ya miƙa wa hukumar Amurka, suka cire mako biyun farko, suka ƙirga daga nan zuwa ranar allura ta biyu. Mutum 2 suka samu a ɓangaren allura, 27 a ɗaya ɓangaren, kariya kashi 92.6.

Sai dai adalci ya wajaba ga masu suka. Wannan kyakkyawar lamba a kan tagar mako guda ta tsaya, da marasa lafiya da ba su kai talatin ba. Tun da kusan kowa a gwajin ya karɓi allura ta biyu a kan kari, babu wanda zai iya rantsuwa a kan abin da zai faru a mako na 8 ko na 11. Abin da JCVI ya dogara da shi a nan sanin halin garkuwar jiki ne daga sauran allurai, kuma kamata ya yi a kira shi da sunansa: hasashe mai tushe.

Batun allurar AstraZeneca, wadda ita ma shawarar ta shafa, ya fi sauƙi, saboda wani tuntuɓe da ya zama gushin gaba. Tangarɗar samar da allurar a lokacin gwajin jami'ar Oxford ta sa mutane da yawa sun jira ta biyu fiye da yadda aka tsara. Da aka tattara alƙaluman aka buga a mujallar The Lancet a farkon 2021, sai aka ga allura ɗaya ta ba da kariya kashi 76 daga kwana na 22 zuwa na 90, ba tare da alamar raguwa ba. Waɗanda suka karɓi ta biyu kafin mako 6 sun samu kashi 55, waɗanda suka jira mako 12 ko fiye suka samu kashi 81.

Lissafin mai kaya kaɗan

Halin da Birtaniya ke ciki a lokacin gaba kura ne baya sayaki. Sabon nau'in ƙwayar cutar da aka fara gani a yankin Kent, wanda daga baya aka raɗa wa suna Alfa, yana bazuwa kamar wutar daji. Ranar 4 ga Janairu aka sanar da sake kulle Ingila. A tsakiyar watan masu korona da ke kwance a asibitocin ƙasar sun doshi 40,000, kuma ranar 20 ga wata kaɗai an ba da rahoton mutuwar mutum 1,820. Allura kuwa ɗigo-ɗigo take zuwa.

Lissafin ba ya buƙatar kwamfuta. A ƙaddara akwai allura 200 da tsofaffi 200. In aka yi wa mutum 100 sau biyu da kariya kashi 95, an tsare 95, sauran 100 suna fili. In aka yi wa duka 200 sau ɗaya, ko da kariyar kashi 70 ce, an tsare 140. Muddin allurar farko ta ba da fiye da rabin abin da biyu ke bayarwa, rabawa ta fi riba, aƙalla na ɗan lokaci. Manyan jami'an lafiyar sun faɗi makamancin haka a wasiƙarsu ga likitoci: duk mutum dubu da aka yi wa ta biyu a Janairu, wasu dubu ne aka hana ta farko. (Tsohon firaminista Tony Blair ya riga su furta wannan ra'ayi da mako guda, abin da bai ƙara wa shawarar farin jini ba a wurin waɗanda ba sa son ganin ɗan siyasa a ɗakin allura.)

Zuwa tsakiyar Fabrairu an yi wa mutum miliyan 15 allurar farko, wato 'yan shekara 70 zuwa sama, da mazauna gidajen tsofaffi, da ma'aikatan lafiya, da masu tsananin rauni.

Abin da ke faruwa a cikin kaluluwa

Mutane da yawa sun ji kaluluwa ta fito musu a hammata bayan allura. A can ne aikin yake. A cikin waɗannan ƙulluka akwai wuraren da ƙwayoyin jini masu ƙera sinadaran kariya ke taruwa, suna hayayyafa, kowane sabon zubi da ɗan bambanci da na baya. Wanda sinadarinsa ya fi kama ƙwayar cutar da kyau shi ake bari ya rayu, sauran su mutu. Kamar maƙera ne a zaure ɗaya, kowa na gyara mabuɗinsa har a dace da wanda ya shiga kwaɗon daidai. Wannan tacewa makonni take ɗauka. Wani bincike na Ali Ellebedy da abokan aikinsa a jami'ar Washington da ke St. Louis, wanda ya fito a mujallar Nature a 2021, ya zuƙo samfuri daga hammatar waɗanda aka yi wa allurar Pfizer, ya tarar wuraren suna kan aiki mako 12 bayan allura ta biyu.

Allura ta biyu tunatarwa ce. In ta zo da wuri, ta tarar da almajirai ba su gama haddar darasin farko ba. In ta ɗan jinkirta, ƙwararru take tasowa. A jami'ar Birmingham an auna jinin mutum 175 'yan sama da shekara 80, aka ga waɗanda suka jira mako 12 sinadaran kariyarsu sun ninka na 'yan mako 3 sau uku da rabi. Binciken PITCH a kan ma'aikatan lafiyar Ingila shi ma ya ga ƙarin ƙarfi a doguwar tazara, amma ya ga wani abu da bai kamata a ɓoye ba: a cikin makonnin jiran, sinadaran da allurar farko ta samar suna raguwa sosai. Ribar tana ƙarshe, kasadar tana tsakiya.

Hukuncin asibitoci

Amsar farko mai nauyi daga Sikotland ta zo, inda Farfesa Aziz Sheikh na jami'ar Edinburgh da tawagarsa suka haɗa bayanan lafiyar kusan duk al'ummar yankin, mutum miliyan 5.4. Kwana 28 zuwa 34 bayan allurar farko, haɗarin kwanciya a asibiti ya ragu da kashi 91 ga masu Pfizer, kashi 88 ga masu AstraZeneca. A Ingila, hukumar lafiyar jama'a ta duba 'yan shekara 70 zuwa sama ta ga allura ɗaya tana hana ciwo mai alamu da kusan kashi 60 zuwa 70, tana hana kwanciya asibiti da kusan kashi 80.

Isra'ila, wadda ke da allura a wadace, ta tsaya a kan mako 3. Binciken da aka yi da bayanan asusun lafiya na Clalit, mai mutum kusan 600,000 a kowane ɓangare, ya nuna yadda lamba ɗaya ke rabuwa gida-gida. A kwana na 14 zuwa 20 bayan allurar farko, kariya daga kamuwa kashi 46 ce, daga ciwo mai alamu kashi 57, daga kwanciya asibiti kashi 74. Mutum uku za su iya ɗaukar lamba uku daga shafi ɗaya, kowa ya tafi gidan rediyo da tasa gaskiyar.

Kanada ta wuce Birtaniya ma. Lardin Kebek ya fara jinkirtawa tun farkon shekara, a watan Maris kuma kwamitin ƙasar ya yarda a kai wata 4. Amurka da ta ƙi a farko, a Fabrairun 2022 hukumar yaƙi da cututtukanta ta ce tazarar mako 8 na iya fi wa wasu alheri, musamman samari, domin ta fi ƙarfafa garkuwa kuma tana rage haɗarin kumburin tsokar zuciya da ake gani jifa-jifa bayan allura ta biyu.

Akwai waɗanda dokar bai-ɗaya ta cutar. Binciken SOAP a King's College ta Landan ya auna masu ciwon daji mako 3 bayan allurar Pfizer ta farko. Cikin masu lafiya, kashi 94 sun samar da sinadaran kariya. Cikin masu dajin da ke yin ƙari a jiki, kashi 38 ne kawai. Masu dajin jini, kashi 18. Masu ƙarin da aka yi wa ta biyu a kwana na 21, adadinsu ya haura zuwa kashi 95 cikin mako biyu. Ga irin waɗannan mutane, mako 12 na jira tamkar tafiya ce a cikin ruwan sama da lema mai huda, kuma a ganin mai wannan maƙala ya kamata a ce an ware su tun ranar farko.

Da Delta ta iso

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A bazarar 2021 nau'in Delta, wanda aka fara gani a Indiya, ya shiga garuruwan Ingila irin su Bolton da Blackburn. Wani mai bincike, Jamie Lopez Bernal, da abokan aikinsa suka auna, suka ga allura ɗaya tana hana ciwo mai alamu da kashi 48.7 in Alfa ce, amma kashi 30.7 kacal in Delta ce. Allura biyu kuwa sun riƙe: kashi 88 ga Pfizer, kashi 67 ga AstraZeneca.

A mayar da waɗannan lambobi cikin lissafin allura 200 na ɗazu. Rabawa ga mutum 200 za ta tsare kusan 61. Yi wa mutum 100 sau biyu zai tsare tsakanin 67 da 88. Ma'auni ya juya, duk da cewa kariya daga kwanciya asibiti bayan allura ɗaya ba ta faɗi haka ba. Ranar 14 ga Mayu gwamnatin Birtaniya ta rage tazarar zuwa mako 8 ga 'yan sama da shekara 50 da masu rauni, kafin ƙarshen bazara ta game duk manya. Wasu sun kira wannan amai da lashewa. Bai zama haka ba, domin yanayin da ya haifi shawarar Disamba ya riga ya kau: masu rauni sun samu ta farko, allura ta wadata, abokin gaba ya sauya kama.

Najeriya ta bi ɗaya hanyar

Ranar 2 ga Maris, 2021, allurar AstraZeneca miliyan 3.94 ta sauka a Abuja ta hannun shirin COVAX mai raba allurar korona ga ƙasashe, mako guda bayan Ghana ta karɓi 600,000 a matsayin ƙasar farko. Kamfanin Serum Institute da ke Pune a Indiya ne ya haɗa ta. Kafin watan ya ƙare annobar ta turnuƙe Indiya, gwamnatinta ta tsayar da fitar da allura. A farkon Afrilu hukumar kula da lafiya a matakin farko ta Najeriya, ƙarƙashin Dakta Faisal Shuaib, ta umarci jihohi su daina yin ta farko da zarar sun ci rabin kasonsu, su ajiye sauran don ta biyu.

A ido, wannan kishiyar abin da Birtaniya ta yi ne, har wani zai ce an yi asarar dama. Amma dabarar Birtaniya rance ce, kuma mai rance sai ya san ranar albashi. Birtaniya na da masana'antar AstraZeneca a cikin gida da kwangilolin da aka riga aka sa wa hannu. Ta san allura ta biyu za ta zo a mako na 12. Najeriya ba ta da wannan tabbaci, kuma abin da ta ji tsoro shi ya faru, don kaso mai yawa na gaba bai iso ba sai Agusta, lokacin da Amurka ta aiko da Moderna miliyan 4. Da an raba duka a Maris da Afrilu, da miliyoyin mutane sun shiga zamanin Delta da allura ɗaya, ba ranar dawowa a katinsu. Abin takaicin shi ne yadda shekarar ta ƙare: a Disamba aka lalata allura sama da miliyan ɗaya a Abuja, kyautar da ta iso wa'adinta saura ƙiris.

Inda allura ɗaya ta wadatar

Tambayar ba ta mutu da korona ba. A Oktoban 2022, da kwalara ta ɓarke a ƙasashe da yawa lokaci guda, masu kula da rumbun rigakafinta na duniya suka dakatar da tsarin sha biyu suka koma sau ɗaya, bisa irin lissafin da aka gani a sama.

Labarin da ya fi ban mamaki shi ne na rigakafin ƙwayar HPV mai haddasa sankarar bakin mahaifa. Da aka fito da ita a 2006, allura uku ake yi. A 2009 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara gwaji a Indiya don kwatanta biyu da uku, sai gwamnatin ƙasar ta dakatar da duk allurar HPV ta bincike a Afrilun 2010. Dubban 'yan mata suka tsaya a allura ɗaya ba da niyyar kowa ba. Masu binciken ba su watsar da su ba, suka ci gaba da bibiyarsu shekara goma, suka tarar kariyarsu daga nau'o'i biyu mafi haɗari ta kai kashi 95, daidai da ta waɗanda suka samu biyu ko uku. Daga baya aka shirya gwaji na musamman a Kenya, KEN SHE, inda aka raba 'yan mata ta hanyar ƙuri'a, allura ɗaya ta ba da kashi 97.5. A Afrilun 2022 kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce allura ɗaya na iya wadatar da 'yan mata.

A kan wannan shaida Najeriya ta shigar da rigakafin cikin jadawalinta ranar 24 ga Oktoba, 2023, da burin kai wa 'yan mata miliyan 7.7 masu shekara 9 zuwa 14, sauran jihohin da ba su shiga zagayen farko ba suka biyo a Mayun 2024. Ma'aikaciyar lafiyar da ta je makarantar firamare ko tsakar kasuwa da akwatin sanyinta, allura ɗaya take yi wa kowace yarinya, ta cika mata kati, ta kira ta gaba.